Tun daga mazaɓa ake gama zaɓe: jam'iyyu da janyewar jama'a a Kaduna

A zaɓen 2023 Jihar Kaduna tana da sunaye 4,335,208 a rajistar hukumar zaɓe ta INEC, ita ce ta uku a ƙasar nan bayan Legas da Kano. Ranar 25 ga Fabrairu, ƙuri'un manyan 'yan takarar shugaban ƙasa huɗu, ko an haɗa su wuri guda, ba su kai miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ba. Ranar 18 ga Maris aka yi na gwamna: Uba Sani na APC ya samu 730,002, Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196. Tazarar ƙuri'a 10,806 ce. In aka raba ta ga mazaɓun kansila 255 da jihar take da su, kowace mazaɓa ƙuri'a 42 za ta samu, in kuwa aka raba ga rumfunan zaɓe 8,012, ba ta kai ƙuri'a biyu a kowace rumfa ba. A zaɓen da ya yi kusa haka, wajen biyu bisa uku na masu rajista ba su dangwala ba.

A ƙasa baki ɗaya lamarin ya fi haka muni. A 2003 an ce kashi 69 cikin 100 na masu rajista sun fito, a 2011 ya koma kusan 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kuma bai kai 27 ba. Bola Tinubu ya ci zaɓe da ƙuri'a miliyan 8.79 daga masu rajista miliyan 93.4, wato a cikin kowane mutum goma mai rajista, waɗanda suka zaɓe shi ba su cika ɗaya ba.

Alƙaluman nan suna buƙatar a karanta su da lura. Na shekarun baya akwai aringizo a cikinsu, domin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da aibu. Na'urar tantance kati ta zo a 2015, BVAS mai tantance yatsa da fuska ta biyo baya, su suka rage dangwale na babu gaira. Rajistar kanta tun 2011 ake ɗora mata sababbin sunaye, ba a cire mamata yadda ya kamata, ga ɗaliban da suka yi rajista a Samaru suka gama karatu suka tafi, ga waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa, Chikun da Kajuru. A 2023 kuma an shiga zaɓe cikin ƙarancin takardun Naira, kuɗin mota ma ya gagari mutane. Duk wannan gaskiya ne. Amma ko an cire shi, raguwar tana nan, kuma duk mai zama da jama'a ya san amsar da ake ba shi in ya tambayi dalili: "Sun riga sun gama abinsu."

Maganar nan tana da tushe, kuma tushenta yana cikin jam'iyya.

Mutanen Kaduna ba su daina son siyasa ba. Teburin mai shayi a Tudun Wada, majalisun Kawo da Unguwar Sanusi, tashoshin Sabon Tasha da Kafanchan, shirye-shiryen siyasa na rediyo da dare, Facebook da WhatsApp, ko'ina musu ake yi. Abin da ya ragu shi ne yardar da mutum yake da ita cewa shigarsa za ta canza wani abu. Kuma tsarin mulkin 1999 bai bar wa kowa wata ƙofa ba sai jam'iyya. Sashe na 221 ya hana kowace ƙungiya neman ƙuri'a in ba jam'iyya ba ce. Sassa na 65, 106, 131 da 177 sun ce ba a takarar majalisa, ko gwamna, ko shugaban ƙasa, sai mutum ɗan jam'iyya ne kuma ita ta tsayar da shi. Babu ɗan takarar indifenda. A takardar ƙuri'a ma alamar jam'iyya ake gani, babu sunan mutum. Saboda haka abin da mai zaɓe yake tararwa a rumfa ragowar hukuncin da wasu suka yanke ne watanni kafin ranar, a zaɓen 2023 ma tara ko goma.

Tunda doka ta ba jam'iyya wannan iko, akwai ayyukan da suka zama wajibi a kanta. Ita ya kamata ta tattara koke-koken manomi da ɗan kasuwa da malamin makaranta ta mayar da su manufa. Ita za ta tace 'yan takara, ta horar da matasa, ta tsare ƙuri'a ranar zaɓe, ta ja kunnen wanda ta tsayar in ya kauce, in kuma ta faɗi ta zama mai sa wa gwamnati ido. A cikin waɗannan, guda ɗaya ne jam'iyyunmu suka riƙe da gaske: bayar da tikiti.

Ga yadda abin yake tafiya tun daga ƙasa. Jam'iyya hawa-hawa ce: mazaɓa, ƙaramar hukuma, jiha, sai uwar jam'iyya a Abuja. Sashe na 223 na tsarin mulki ya wajabta a riƙa zaɓen shugabanni, kada a wuce shekara huɗu. Uwar jam'iyya ce take fitar da jadawali, ta sanar da INEC (a dokar zaɓe ta 2022, aƙalla kwana 21 kafin taron), ta buga fam, ta turo kwamitin da zai gudanar da zaɓen shugabannin mazaɓu. A takarda, 'yan jam'iyya masu kati za su taru a ofishin mazaɓa ko wata firamare, a duba sunayensu a rajista, su zaɓi shugaba, sakatare, ma'aji, sakataren tsare-tsare, shugabar mata, shugaban matasa da sauransu. Daga waɗannan tarurruka ake samun wakilan da za su zaɓi shugabannin ƙaramar hukuma da na jiha.

A nan ɓarnar take farawa, kuma hanyoyinta sanannu ne. Mai kuɗi ɗaya yana iya saye fam ɗin duk muƙaman mazaɓun ƙaramar hukuma, wanda ya zo daga baya a ce masa ya ƙare. Kwamitin da aka turo daga Abuja, wanda ya ɗauki nauyin masaukinsa da motarsa shi yake fara gani. Wani lokaci a sauya wurin taro da safe ba sanarwa. Wani lokaci kuma ba a taruwa sam: a zauna a gidan wani jigo a rubuta sunaye, a ce masu ruwa da tsaki sun yi maslaha, gobe a karanta sunayen a ɗaga hannu. Rajistar 'yan jam'iyya, wadda ita ce hujjar kowa, tana hannun ɓangare ɗaya. Wanda aka fi ƙarfinsa sai ya je ya yi nasa taron daban, a wayi gari da shugabanni biyu a mazaɓa ɗaya. Kaduna ta ga irin wannan a fili: rikicin APC na jiha da ya yi ƙamari a 2018 ya ƙare da ficewar sanatoci biyu, Sulaiman Hunƙuyi ya tafi PDP, Shehu Sani ya tafi PRP.

Me ya sa ake kashe kuɗi da raba gari a kan kujerar shugaban jam'iyya na mazaɓa, alhali ba ta da albashi? Saboda daga can deliget, wato wakilan da suke zaɓe a madadin sauran 'yan jam'iyya, suke fitowa. Dokar 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku ta fid da gwani: 'yar tinƙe, inda duk mai kati zai yi zaɓe; ta deliget; da maslaha, wadda doka ta ce sai duk masu neman tikitin da aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye. A 2022 manyan jam'iyyun biyu deliget suka yi amfani da su a Kaduna. APC ta ware biyar a kowace mazaɓa, PDP uku. A lissafa: 255 sau biyar 1,275 ke nan, 255 sau uku kuma 765. Mutum dubu biyu da 'yan kai su suka tsayar wa jiha mai masu rajista sama da miliyan huɗu mutum biyun da a cikinsu gwamna zai fito. Kuma rabon bai kula da yawan jama'a ba. Rigasa a Ƙaramar Hukumar Igabi, duk da ɗimbin mutanenta, mazaɓa ɗaya ce, deliget ɗinta daidai suke da na mazaɓar da ba ta kai rabin rabinta ba.

In masu zaɓe suka yi kaɗan haka, sayensu ya fi shawo kansu sauƙi. Kowa ya san yadda ake yi: a kwashe deliget a kai su otal kwana ɗaya ko biyu kafin zaɓe, a hana abokin hamayya ganinsu, a biya rabi kafin a shiga fili, rabi bayan an ƙirga, wani lokaci har da rantsuwa. Shi deliget ɗin ba lallai mugun mutum ba ne. Sau da yawa talaka ne da ya san wanda ya ci ba zai sake ɗaga wayarsa ba sai bayan shekara huɗu, don haka yake karɓar nasa tun yanzu. Shi kuma ɗan takara da ya saya da kuɗinsa ba ya jin yana da bashin kowa a wuyansa, sai na wanda ya ranta masa.

Kafin a kai ga deliget ma akwai kuɗin fam. A 2022 APC ta sayar da na shugaban ƙasa Naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. PDP ta sa miliyan 40 da miliyan 21 ga kujeru biyu na sama. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne, ma'aikacin da yake wannan mataki sai ya tara albashinsa na sama da shekara biyar, bai ci bai sha ba, kafin ya sayi fam ɗin majalisar jiha a APC. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, an yi murna, amma matashi ɗan shekara 25 da ba shi da ubangida a nan yake tsayawa. Rangwamen da ake yi wa mata da matasa a kan fam yana da amfani, sai dai fam shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a kashe. Dokar 2022 ta sa iyakar kuɗin kamfen, Naira biliyan ɗaya ga ɗan takarar gwamna, miliyan 30 ga na majalisar jiha, amma ita ba ta ƙirga abin da aka kashe kafin a samu tikiti ba, kuma INEC ba ta da ma'aikatan da za su bi diddigin kuɗin da yake yawo a jaka.

Tambayar da ta fi muhimmanci a ganinmu ita ce: wa yake ciyar da jam'iyya? Kundin kowace jam'iyya ya tanadi kuɗin wata-wata daga 'ya'yanta, amma da wuya ka samu mazaɓar da ake karɓa a rubuta rasit. Kuɗin hayar ofis, fenti, tuta, man mota, abincin taro, duk daga aljihun mai riƙe da muƙami ko mai neman muƙami suke fitowa. Ranar zaɓe kuma jam'iyya tana buƙatar ejan a kowace rumfa, wanda zai tsaya har a ƙirga, ya sa hannu a takardar sakamako ta EC8A, ya karɓi kwafinsa. A Kaduna mutum 8,012 ke nan. A ce kowanne Naira 10,000 kawai za a ba shi, an haura miliyan 80, ba a yi maganar masu bin sakamako zuwa cibiyoyin tattarawa na mazaɓa da ƙaramar hukuma ba. Jam'iyyar da take da 'ya'ya na gaskiya za ta samu masu yi mata wannan aiki don kishi. Wadda ba ta da su dole ta yi haya, kuma ejan ɗin haya wanda ya fi biya shi yake bi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shi ya sa a jihohinmu gwamna ne jagoran jam'iyya ko kundinta bai faɗa ba, jam'iyyar adawa kuma ta zama ta wanda ya fi kowa iya ɗaukar nauyinta.

Rajistar 'yan jam'iyya ma ta zama abin ado. Bayan sabunta rajista a 2021 APC ta ce tana da mambobi sama da miliyan 40. A zaɓen shugaban ƙasa da ya biyo baya ƙuri'unta ba su kai miliyan 9 ba. Wannan ya sa 'yar tinƙe, wadda mutane da yawa suke ganin ita ce magani, take iya fin ta deliget lalacewa: in babu rajistar da kowa ya yarda da ita, sai a rubuta adadin da aka ga dama a ce layi ne ya bayar.

Wanda aka zalunta kuma hanyarsa a kotu siririya ce. Sashe na 285 na tsarin mulki ya ba shi kwana 14 kacal ya shigar da ƙara, kuma sai wanda ya shiga zaɓen fid da gwanin ne yake da hurumin yin haka. Ɗan jam'iyya na ƙasa da aka hana shi zaɓen shugaban mazaɓarsa, galibi kotu ce masa za ta yi wannan harkar cikin gida ce. In kotu ta shiga kuwa, hukuncin yakan sauka a kan masu zaɓe. A Zamfara, a watan Mayun 2019, Kotun Ƙoli ta soke duk ƙuri'un APC saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, kujeru suka koma ga waɗanda suka zo na biyu. Hukuncin yana kan doka, amma matar da ta sha rana a layi me za a gaya mata ta sake fitowa?

Sai sauya sheƙa. Sashe na 68 da na 109 sun ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta dare, kuma Kotun Ƙoli ta bayyana cewa darewar ta zama a matakin ƙasa. Amma shugaban majalisa ne zai ayyana kujerar babu kowa, shi kuwa sau da yawa jam'iyyarsa aka shigo. Gwamna da shugaban ƙasa ma sassan ba su shafe su ba. Duba manyan 'yan siyasar jihar nan tun 1999, kaɗan ne ba su zauna a jam'iyya biyu ko uku ba. Nasiru El-Rufa'i da ya yi wa APC gwamna shekara takwas ya bar ta a Maris 2025. Jama'a sun koyi darasin. A 2015 "sak" aka yi, wato jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. A 2023 kuwa PDP ta ci zaɓen shugaban ƙasa a jihar da kujerun sanata uku a Fabrairu, bayan mako uku APC ta ci gwamna. Inda jam'iyyu ba su bambanta a manufa ba, abin da yake cike gurbin shi ne addini da ɓangare, kuma Kaduna ta fi kowace jiha sanin tsadar wannan: rikicin bayan zaɓen 2011 a Zonkwa, Kafanchan, Zariya da cikin garin Kaduna har yanzu akwai gidajen da ba su farfaɗo daga shi ba. Akwai masu ƙin fita ranar zaɓe don tsoro kawai.

Zaɓen ƙananan hukumomi, wanda ya fi kusa da talaka, shi ya fi kashe gwiwa. A 2018 da 2021 hukumar zaɓe ta jiha ta yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a, kuma duk da ƙorafe-ƙorafen da aka yi, adawa ta ci wasu ƙananan hukumomi. A Oktoban 2024 aka bayyana APC ta cinye ciyamomi 23 da kansiloli 255. Ba Kaduna kaɗai ba ce, haka ake gani a jihohin PDP da na sauran jam'iyyu. Illar ita ce kujerar kansila ce makarantar siyasa. In adawa ba ta iya cin ko ɗaya, matasanta ba su da inda za su koyi aiki, ba su da dalilin zama a cikinta.

Ba haka jam'iyya ta fara a ƙasar Hausa ba. NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 talakawa ne suka riƙe ta da kuɗin katinsu, teloli da 'yan koli da manoma, suka sha ɗauri da bulala a hannun En'e. Hajiya Gambo Sawaba daga Zariya ta yi ta shiga kurkuku a kan siyasa a zamanin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a ma. Zamanin yana da nasa tashin hankali, kuma NPC da sarakuna ta dogara, amma ɗan NEPU da ɗan NPC kowa ya san abin da ya raba su. A 1979 PRP ta yi alkawarin soke haraji da jangali, Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan Kaduna ya soke. Majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa har ta tsige shi a watan Yunin 1981, amma manomin Funtuwa ko Ikara ya ga ƙuri'arsa ta sauke masa kaya. Soja ne suka yi ta yanke wannan saiwa: an rushe jam'iyyu a 1966, a ƙarshen 1983, da 1993. Gwamnatin Babangida ta ƙirƙiri SDP da NRC a 1989, ta rubuta musu manufa, ta gina musu ofisoshi. Tun daga nan aka saba da jam'iyyar da ake saukowa da ita daga sama, 'ya'yanta su jira a ba su maimakon su bayar.

Gyaran da za a yi sananne ne, kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya kawo da yawa tun 2008: hukuma ta musamman mai rajista da sa ido a kan jam'iyyu, wata mai hukunta laifukan zaɓe, da damar takarar indifenda. Babu wanda aka aiwatar a cikin ukun nan, domin waɗanda za su yi dokar su suka fi amfana da yadda ake yanzu. Soke rajistar jam'iyyu 74 da INEC ta yi a 2020 ya rage tsawon takardar ƙuri'a, bai taɓa yadda manyan suke gudanar da cikinsu ba.

Akwai abin da ba sai an jira Abuja ba. Dokar 2022 ta wajabta wa kowace jam'iyya ta ajiye rajistar 'ya'yanta a takarda da kwamfuta, ta miƙa wa INEC kwana 30 kafin zaɓen shugabanni ko na fid da gwani. 'Yan jam'iyya a mazaɓa suna da ikon su nemi a liƙa wannan rajista a bangon ofis tun kafin ranar, kowa ya ga sunansa, a ga na bogi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, direbobi, manoma, malamai da matan unguwa, waɗanda suka saba jiran ɗan takara ya zo da atamfa da taliya, in suka yanki kati tare a mazaɓa ɗaya, suka biya kuɗin wata suka riƙe rasit, suka sayi fam da kuɗinsu da wuri, suka zo wurin taro da yawansu suka ɗauki hoton layi da takardar sakamako, suka tabbatar jami'in INEC ya halarta ya rubuta rahoto, rubuta sunaye a ɗaki zai yi wuya. Rahoton jami'in nan shi kotu take dubawa in rigima ta tashi. Ba kowane lokaci za a yi nasara ba, domin uwar jam'iyya tana iya rushe shugabannin ta naɗa na riƙon ƙwarya, kuma an sha yin hakan. Amma rushe mazaɓa ɗaya da rushe arba'in ba ɗaya ba ne, musamman a jihar da tazarar gwamna take iya zama ƙuri'a dubu goma.

'Yan jarida da ƙungiyoyin sa ido su ma suna da gyara. Ranar babban zaɓe kowa yana fili da riga da kyamara, ranar zaɓen shugabannin mazaɓa kuwa da wuya ka ga wakilin gidan rediyo ɗaya a firamaren da aka ce za a taru. Jadawalin tarurrukan nan ba sirri ba ne, jam'iyya tana aika wa INEC wuri da rana a rubuce. A karanta shi a rediyo da Hausa, mazaɓa bayan mazaɓa, mako guda kafin ranar, sannan a tura mutum ya je ya gani ko an taru.